Belin Autan Inna a Suleja

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da kawuna, Inna na tsaye bakin ƙofa tana cewa kada mu dawo mata ba autanta. Autan nata, wato ƙanena, direban bas ne a Suleja. Ya buge wani ɗan acaɓa a Maje, da ya ga jama'a sun taso sai ya taka mota ya gudu, daga baya 'yan sanda suka kama shi. Ga shi Juma'a ce, in ba a ba da belinsa ranar ba sai Litinin.

Hanyar Kaduna ta gama da ƙuguna. A Tafa muka tsaya cin masa, masar ta rame, kuɗinta ya yi ƙiba. Daga mararrabar Dikko muka faɗa layin tankokin mai muna rarrafe, matan Gwari da doya a kafaɗa suna wuce mu a ƙasa.

A ofishin 'yan sanda aka ce sai mai gidan kansa a Suleja zai tsaya masa. Duk wanda muka sani a garin ɗan haya ne. Muka yi ta gararamba a Keke Napep, kowa ya ba mu haƙuri da ruwan leda. Wallahi na gaji har magana ta gundure ni.

Kawu ya ce tun farko mun yi wauta, dubiya ake fara zuwa kafin beli. Muka nemi gidan wanda aka buge a unguwar Kurmin Sarki. Ɗan acaɓan na kwance da ɗori a ƙafa, mahaifinsa, wani dattijo, ya bari muka gama kame-kamenmu.

"Haɗari ƙaddara ce, Malam," in ji shi. "Gudun ne ya ƙona min rai. A kwalta ya bar min ɗa."

Kunya ta rufe ni. Dattijon ne ya sa hula ya bi mu ya tsaya wa ƙanena, da sharaɗin ba zai bar Suleja ba, zai riƙa jinyar wanda ya buge har ya taka ƙafarsa.

Washegari muka dawo mu biyu. Na dai koyi cewa ƙofar wanda aka ɓata wa ake fara zuwa. Inna ta leƙa bayana, ba auta. Da ta ji bayani ta shiga ɗaki ta ƙullo kuka da daddawa.

"Gobe ka koma," ta ce. "Na mai ƙafar ne."