Dattijuwar da Ta Hana Izunna Tafiya

Ranar Talata, 9 ga Yuli, 2024, na kai takardun ofishinmu wani shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, na tarar da ma'aikatansa biyu, Sagir da Izunna, suna cacar baki. Izunna ya rataya jaka, ya ce ya bar aikin. Shi kaɗai ya iya injin, ni kuma a ranar ake jiran takardun.

A kan benci akwai wata dattijuwa siririya mai jiran layi, tabarau rataye a wuya, lema a cinya. Hausarta ta Kudancin Kaduna ce. Yadda take ɗaga yatsa tana jiran a yi shiru, ina zaton ta daɗe tana koyarwa.

"Ɗana, ajiye jakar nan tukuna. Kai Sagir, me ya yi maka?"

"Mama, kullum sai ya shigo ya kunna inji, ko sannu babu. Kamar ni kujera ce."

"Shi kuwa gaisuwarsa da mutum ɗaya sai ta kai kan kakanni, aiki na kaina," in ji Izunna.

Ba ta ba kowa gaskiya ba. Ta sa kowanne ya maimaita ƙorafin ɗan'uwansa da bakinsa. Sagir na cikin maimaitawa dariya ta ƙwace masa. Suka daidaita: Izunna zai gaisa kafin ya taɓa inji, Sagir zai riƙa gaisawa hannunsa na aiki.

Na karɓi takarduna kafin azahar. Daga baya na ji sunanta Malama Rifkatu, ta koma Kafanchan wajen 'yarta. Su biyun har yanzu suna shagon.