Gonar da Babu Gizo-gizo

Ban taɓa shan wahala irin ta bazarar waccan shekarar ba, kuma ni mutum ne da ya sha wahala a duniya. Na yi dako, na haƙa rijiya, na yi ci-rani har tafin ƙafata ya tsage. Duk wasa ne in aka gwada da jidar takin nan.

Gonata tana kan hanyar garin Dogo, ba ta da nisa sosai da birnin Damagaram. Gado ce. Ta gaji, ni ma na gaji. Farin rairayi ne, in ka shuka gero sai ya fito tsilli-tsilli kamar gemun bunsuru. Mu manoman gefen birni abin da muka sani shi ne juji. Da rani sai ka ɗaura wa shanu amalanke, ka shiga gari ka kwaso shara, toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen abinci, ka zube a gona tsibi-tsibi, ka tsince leda da fasassun kwalabe iya ƙoƙarinka. Kuma kowa ya san ƙa'idar: iyakar baƙin juji, iyakar ƙarfinsa. Haka muka taso muka tarar.

A shekarar ina da dalilin matsa wa kaina. 'Yata tana da ciki na farko, kuma gida za ta dawo ta haihu, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Ita ce ta fari a wurina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba, in ina da magana sai ta bi ta bakin uwarta. Haka kunyar ɗan fari take a wajenmu. Amma na ƙudura a raina ba za ta zo ta tarar da rumbu wayam ba. Mai jego ci take yi ba na wasa ba, ga kunun gyaɗa safe da yamma.

Sai wani alhaji ya sayi fili can bayan unguwar Zango, inda gidaje suka ƙare, zai yi gini. A filin akwai kangon wata tsohuwar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, wadda rufinta ya faɗi tun ina saurayi, bayanta kuma ga tudun juji baƙi ƙirin, mai maiƙo, in ka damƙa sai ya dunƙule a hannunka kamar fura. Alhajin ya ce duk mai so ya kwashe, shi dai a share masa wuri. Sauran manoma suka ce nisan ya yi yawa ga zafin nan. Ni na ce rabona ne ya tsaga.

Na yi ta jida har bazara ta ƙare. Ƙasar tana da wani wari, kamar kananzir da ya kwana cikin tsohon magani. Kullum in na dawo kaina yana sara, fatar hannuna ta yi ta saɓulewa, ɗaya daga cikin shanuna ya dinga dalalar da miyau yana layi a hanya. Na ce rana ce. A cikin tudun ina cin karo da gutsattsarin tano, wato gangunan ƙarfe, da tsatsa ta cinye, sai in jefar gefe. Wani abu da na lura da shi, juji ne amma ba gwazarma, ba kyankyaso, ba ko tsutsa ɗaya. Na ce madalla, an rage mini aiki.

Da ruwa ya sauka na shuka gero, na sa gyaɗa a ɓangaren gabas inda takin ya fi yawa, matata ta yafa yakuwa a gefe. Shuka ta tashi kore shar. Ba tsutsa, ba fara, ba ganye ɗaya da aka huda.

Gonar da ke jikin tawa ta taubashina ce, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Sai ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu.

"Bawana, faɗa mini gaskiya, wane boka ne ya yi maka aiki? Fara ta zo bakin gonarka sai ta yi sallama ta juyo tawa."

"Ragwanci ne ya hana ka," na ce masa. "Lokacin da nake jida kana gindin bishiyar bedi kana kaɗa shayi."

"To ai shi ya sa nake da bawa. Ka noma, in zo in ci."

'Yata ta haihu cikin marka, mace, lafiya lau. Da gyaɗar gefe ta fara ƙosawa sai na riƙa tumɓuko ɗanya ina kai wa gida. Uwarta ta soya ta daka, ta dama kunu. Miyar yakuwa kuwa ba fashi. In na ji ƙarar ludayi a ƙwarya daga ɗakin mai jego sai in ji wuyar da na sha ta sauka.

Abin ya fara ne da yanka. Matata ta zo tsinkar yakuwa, ta taka bakin hauyar da na ajiye cikin ciyawa, jini ya ɓalle a ɗan yatsan ƙafarta. Mu a gona maganin yanka a kusa yake: ka yago yanar gizo-gizo, ka dunƙule, ka danna a kan ciwon, jini ya tsaya. Na ce ta zauna, yanzu zan kawo.

Na duba rumfar kara da nake hutawa a ciki. Babu. Na duba gindin gero, na duba tsakanin ganyen gyaɗa, na leƙa ƙarƙashin kalgo. Babu. A ƙarshen damina, da safe, lokacin da raɓa ke sa yana ta yi ta ƙyalli ko'ina har tana manne maka a fuska. Na zagaye gonar nan kamar wanda ya yar da allura.

"Malam, sai jinina ya ƙare?" in ji matata. "Ko saƙa yanar ka tsaya yi?"

Na tsallaka iyaka zuwa gonar taubashina. Ban yi nisa ba yana ta rufe mini ido. Na yago na kawo mata. Jini ya tsaya, ta ɗingisa ta tafi gida, ni kuwa na tsaya. Na kasa kunne. Daga can gefensa gyare na kuka, ƙudan zuma na gunji a furen wake. A tawa, in ban da iska a ganyen gero, tsit. Na tuna ruwa ba ya tsami banza, amma ban san wa zan tambaya ba, kuma wa zai saurari mutumin da ke kukan ƙwari sun bar masa gona?

Ana nan sai maigari ya aiko cewa wata ma'aikaciyar gona za ta zo daga birni, kowa ya bar ta ta shiga gonarsa. Ta zo a kan moto, wato babur, yarinya ce sa'ar 'yata, da jaka cike da kofunan roba. A kowace gona sai ta haƙa ƙananan ramuka, ta binne kofi bakinsa daidai da ƙasa, ta zuba ruwan sabulu kaɗan, ta kafa tsinke don alama.

"Madam, in kofin ya tsiro a raba da ni," in ji taubashina. "Gidana moɗa ɗaya ce."

Ta yi dariya. "Baba, tarko ne. Duk abin da ke yawo a ƙasa zai faɗa ciki. In na dawo na ga waɗanda suka faɗa, zan san lafiyar gonar."

"Yau na ga likitan da ke tambayar tururuwa," ya ce.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo da hantsi. Muka bi ta ni da shi. Ta fara da tasa. Ta zaro kofi ta juye a farin faranti, abin ƙyama: gizo-gizo manya da ƙanana, tururuwa, buzuzu, gyare, ƙadandoniya, har da 'yar kunama. Taubashina ya kama kai.

"Shi ke nan, an tona mini asiri. Gonata masaukin baƙi ce."

"Gonarka tana da rai, Baba," ta ce.

Muka shiga tawa, ina gaba, har da ɗan taƙama. Ta zaro na farko. Ruwa ne garau, sai ɗan rairayi a gindi. Ta zaro na biyu, haka. Ta ce wataƙila ruwan sama ne ya cika su suka zube, ta duba, a'a. Muka isa cikin gyaɗa. Kofin can ma kamar yanzu aka wanke shi. Kusa da shi ga ƙadangare ya bushe, ƙafafu sama, kuma ko tururuwa ɗaya ba ta taɓa shi ba. Gawa a ƙasa cikin damina, ba mai ci.

Ta daina dariya. Ta durƙusa ta tona ƙasa da tsinke, ta kai kusa da hanci, ta yi saurin kawar da kai.

"Baba, me ka fesa a nan?"

"Ban taɓa riƙe abin feshi ba. Taki ne kawai."

"Takin ina?"

Na gaya mata. Da na ambaci mangazar da tano masu tsatsa sai ta miƙe tsaye a hankali, ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa.

"Mu fita daga ciki tukuna," ta ce.

A kan iyaka ta yi mini bayani, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce a irin waɗannan tsofaffin mangazu ake ajiye maganin kashe fara a da, kuma akwai irin da ba ya mutuwa, yana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. In tano ya ruɓe sai ƙasa ta shanye. Baƙin da na gani, mai yiwuwa ba na taki ba ne. Ta ce ƙananan ƙwari su ke fara ci, gizo-gizo ya ci su, guba ta taru a jikinsa, shi ya sa in ka nemi gizo-gizo a gona ka rasa, sai ka binciki ƙasar.

"Kofi ba ya gaya mini ko mene ne," ta ce. "Yana dai gaya mini akwai abu. Sai na aika ƙasar nan zuwa Yamai an auna. Kafin nan kada kowa ya ci abin da ya fito daga nan, musamman gyaɗa. A cikin ƙasar take kwance, kuma irin wannan guba mai take bi. Kada a ba dabbobi harawar ma. Ba ku fara ci ba dai ko?"

Taubashina ne ya amsa, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Akwai mai jego a gidan."

"Tana shayarwa?"

"Tana shayarwa."

Ta ce innalillahi. Ta ce gubar tana bin nono. Ta ce a kai su likita, uwa da jaririya, a faɗa wa likitan abin da ta faɗa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na bar takalmina ɗaya a hanya, sai daga baya aka kawo mini. Na shiga ba sallama. Matata tana bakin turmi. 'Yata tana zaune a ƙofar ɗaki da jaririya a cinya, ƙwaryar kunu a hannu, ta kai ludayi baki. Na fizge ƙwaryar na watsar a tsakar gida. Kaji suka rugo, na kore su da ƙafa, na tura ƙasa na rufe.

"Malam, lafiya? Ka haukace ne?" in ji uwarta.

Ban dube ta ba. 'Yar na duba, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Ke, kina jin ciwon kai? Jiri fa? Yarinyar tana kama nono sosai?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Jin muryata a kanta ya fi watsar da kunun ba ta tsoro. Da ƙyar ta ce, "Lafiya lau muke, Baba." Sai ta fashe da kuka, jaririyar ma ta ɗauka.

Da na gaya wa uwarta, tabarya ta faɗi daga hannunta. Ta zauna daɓas a ƙasa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Da hannuna na dama. Kullum da hannuna." Can kuma ta ɗago ta ce, "To me za mu ci bana?" Ga gero can ya yi kai irin wanda ban taɓa gani ba, ga gyaɗa ta cika ƙasa, duk kallon kitse na yi wa rogo.

Da la'asar taubashina ya shigo da buhun tsohon gero a ka, ya dire a zaure. Bai yi wasa ba, bai kira ni bawa ba. Ya ce kaka ta ƙarato, da an sako dabbobi awakin gari za su faɗa gonar, sannan gubar ta shiga nonon da kowa ke sha, in ba a kewaye ta ba. Ya ce gyaɗarsa tana jiran hannu, in zo mu cire tare mu raba.

Jikar tawa tana nan, yanzu har tana bin awaki da gudu. Duk sanda ta yi zazzaɓi sai gabana ya faɗi, kuma ba na jin wannan zai bar ni. Amma a ranar ban san ko za ta yi rarrafe ba.

Da gari ya waye na ɗora 'yata da jaririyar a bayan moton taubashina, uwarta ta bi su a wani, suka nufi likita a birni. Ni na ɗauki gatari na shiga daji na saro ƙaya. Na ja ta reshe-reshe na kewaye gonar, gero a tsaye, gyaɗa a ƙasa, ban bar ƙofa ba. Da rana ta take na wanke hannuna da toka, na tsallaka gonar taubashina, na sunkuya na fara cire masa gyaɗa.