Dusar Ragunan Layya

Tun da na zauna a Sterling, ni ke nemo wa gidajenmu ragunan layya. Ba wanda ya naɗa ni. Aikina tuƙi ne a filin jirgin Dulles, na san hanyoyin ƙauyen Virginia, kuma mutane sun ga ba na son hargitsi. Tsarina ɗaya ne kullum: in je gona da wuri, in duba haƙori da ido da ƙafa, in sa wa kowane rago alamar mai shi, ranar Sallah mu taru a can mu yanka.

A shekarar da nake magana, ana jibi Sallah na tafi duba ragunan tare da ƙanin matata, wanda bakinsa ba ya hutawa. Muna tsaye bakin shinge sai ga mota ta juye wata jiƙaƙƙiyar dusa a kwami, tana tururi. Warinta ya buge mu, kamar an ƙona tsohuwar taya kusa da kifin banda. Ragunan suka yi kanta a guje. Na tambayi mai gonar, wani tsohon Bature, daga ina take. Ya nuna bayan tudu, ya ce daga gidan da ake dafa wiski, kuma tun bazara ita suke ci.

Ƙanin matata ya dafa shinge yana dariya. "Yaya, ashe 'yan mashaya ka zaɓo mana! Shi ya sa wancan mai ƙahon yake tafiya a karkace."

"Rufe mini baki," na ce.

Bai rufe ba. Kafin mu hau babban titi ya riga ya baza labarin a waya, masu raguna suna ta kirana. Wani dattijo ya ce in haka ne shi bana ba zai yi layya ba. A wannan ƙurarren lokaci kuwa babu gonar da za a samu wasu ragunan.

Na kira malaminmu. Ya saurara, sannan ya ce tambaya ɗaya ce: ana kwashe dusar kafin ruwan ya zama giya, ko bayan ya zama? Mai gona bai sani ba. Na buga wa gidan wiskin waya, na'ura ce ta amsa. Saboda haka ranar Arfa, da azumi a bakina, na tuƙa kaina zuwa wurin da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba.

Gini ne na jan bulo da dogon bututun hayaƙi, an share harabarsa tas, an shuka furanni. Wannan ma ya ba ni haushi. Wata mata mai zagayawa da baƙi ta ce in bi ayarin da zai shiga, zan ji komai. Na bi su a baya, hannuwana a cikin aljihu.

Ta fara da alfahari. Ta ce nasu sha'ir ne zalla, na gida ɗaya, ba a gauraya shi da na kowa. Da farko a jiƙa sha'irin har ya fara tsiro, kamar yadda masu burkutu ke yi wa dawa. Sannan a busar da shi da hayaƙi, kuma da wannan hayaƙin suka yi suna. Ta ɗago wani baƙin curi kamar busasshen kashin shanu. Ta ce ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama ce da ta daɗe a ƙasa, daga Sikotland ake kawo ta a jirgin ruwa. Wato mutane su haƙo taɓo, su ƙetara teku da shi, su ƙona, don abin shansu ya yi warin gobara. Baƙin suka riƙa karɓa suna shinshinawa suna lumshe ido. Da ya zo kaina na matsa gefe.

Bayan haka a niƙa hatsin, a zuba shi a wata ƙatuwar randar ƙarfe da ruwan zafi. Na ɗaga hannu.

"Dusar fa, yaushe kuke fitar da ita?"

Ta ce za ta zo wurin, ta ci gaba da bayanin ɗanɗano: wai akwai gishirin teku a ciki, da toka, da ƙamshin maganin ciwo irin na asibiti. Ban taɓa jin mai sayar da abu yana yabonsa da warin asibiti ba sai ranar.

Na sake ɗaga hannu. "Ba ɗanɗano na zo ji ba. Dusar, kafin yis ko bayan yis?"

Ayarin ya juyo yana kallona. Ta ɗan tsuke fuska, ta kai ni bakin randar, ta nuna mini ƙasanta mai ƙananan huji kamar rariya. Ta ce ta nan ruwan zaƙin ke tsiyayewa ya bi bututu zuwa wani ɗaki, can ake zuba masa yis ya zama giya. Dusar kuwa a nan take zama, a kwashe ta ta wata ƙofa a loda wa manoma. Na ce ina so in ga ƙofar. Ta nuna. Na ce ina so in ga ɗakin yis ɗin, in tabbatar babu bututun da ke dawowa. Ta nuna, ba da son ranta ba.

Abin da na zo nema ke nan, amma hanyar fita sai ta cikin sauran ɗakunan. Na wuce tukwanen tagulla masu dogon wuya inda ake dafa giyar a tara tururinta. Na wuce rumbun gangunan katako inda take kwana shekaru. A nan matar ta ce abin da ke zurarewa ta jikin katako ya bi iska, suna kiransa rabon mala'iku. Aka yi dariya. Ni na ce a'uzubillahi a fili, ban damu da wanda ya ji ba. A bakin ƙofa wani ya miƙo mini wiski a ɗan kofi, na wuce shi.

Daga cikin mota na kira malam, na jero masa yadda abin yake tun daga jiƙo har ƙofar dusa.

"Da idonka ka gani?"

"Da idona, Allah gafarta Malam."

"To ai wannan dusar kunu ce. Ku yanka ragunanku."

Na roƙe shi ya faɗa wa mutane da bakinsa, don nawa ba zai isa ba. Ya faɗa. Na dawo gida, matata ta tare ni a ƙofa, ta ja da baya, ta ce in tuɓe rigar a gareji. An wanke ta, warin bai fita ba, na jefar da ita.

Washegari bayan Idi muka taru a gonar. Dattijon nan ya zo, shi ya fara yanka nasa. Da yamma ana gasa hanta a bayan gidana, ƙanin matata ya ɗauki tsinke ɗaya ya kai hanci.

"Yaya, wallahi akwai ɗan hayaƙi-hayaƙi."

"Gawayi ne. In ba ka ci, ajiye."

Bai ajiye ba, har cinya ya tafi da ita gida. Da shekara ta zagayo na koma gonar, na gaya wa tsohon cewa namu ragunan ciyawa da masara za su ci, a ware musu shinge. Ya ce dusar ba ta da laifi. Na ce na sani, na gani da idona, a ware musu.