Hannun Yaya Mamman

Washegarin babbar salla, a shekarar da Nasara suka matsa da ɗaukar soja a Damagaram, yayana Mamman ya faɗo daga katangar gidanmu a unguwar Birni, ya karye a dantsen dama. Maɗori ya ɗaure da karare, ƙashi ya kama. Amma da aka kwance, hannun ya ƙi lanƙwasuwa, yana reto kamar igiyar guga. Unguwa ta fara ƙus-ƙus cewa wannan faɗuwa ta san lokacinta. Ni ma ban yarda ba. Na sa masa ido wajen alwala, na sa masa ido wajen tuwo. Har dabino na jefa masa ba zato, ya cafe da hagu, ya ce, "Ƙane, ko kai ne sabon ɗan leƙen asirin kumandan Nasara?"

Baba mahauci ne, kuma ya ji. Ya kira ni rumfa, ya ɗauko ƙafar gaba ta rago, ya feɗe ta a gabana. Da farko ya nuna ƙashi biyu da mahaɗarsu. Na biyu tsoka, da jijiya mai tauri da ta ɗaure ta ga ƙashi. Ya ja tsokar, ƙafar ta naɗe kamar ragon na da rai. Na uku wani farin zare siriri a cikin nama. "Wannan ke kawo umarni daga kai," in ji shi. "In ya tsinke, tsoka ba ta ji, ƙashi ba ya tashi. In mai umarnin ya yi shiru, haka ma. Daga waje ba ka bambantawa. Saboda haka rufe bakinka, kafin ka sa a tafi da ɗan'uwanka."

Na rufe. Ranar ɗaukar soja, likitan Nasara ya murɗa hannun Mamman, ya soka allura, ya sallame shi. Sa'o'insa suka tafi soja, ba duka suka dawo ba. Mamman ya tsufa yana sayar da goro da hagu.

Yanzu jikokina na zana tsoka da jijiya a lakwal, makarantar boko, suna ganin sun gama sani. Ni na yi wa Yaya wanka ranar da ya rasu. Na kama gwiwar hannun, ta lanƙwashe ba gardama. Mahaɗa lafiya lau take. Ko zaren ne ya tsinke, ko Yaya ne ya hana umarni, da amsar aka binne shi.