Kofur Ƙasimu Na Kusfa, Mai Gona Biyu

Duk mai bi ta Ƙofar Gayan bayan sallar asuba ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, yana ɗan jan ƙafar hagu, garma a kafaɗa, ga wata tsohuwar gorar ƙarfe ta soja rataye a wuyansa. Yakan gaida masu jakunan da ke shigowa da itace, amma ba ya tsayawa hira. Ba a sake ganinsa sai la'asar sakaliya, ya shigo da damin ciyawar awaki a ka, ya watsa ruwa, ya yi magariba a masallacin unguwa, sannan ya zauna a zaure yana tufka igiya ko gyaran ƙotar fartanya. Haka yake tun da ya dawo daga yaƙin Bama. Sunansa Ƙasimu, a unguwarmu ta Kusfa, cikin birnin Zariya, kuwa Kofur ake ce masa.

Ni Ja'afaru, akawu ne, maƙwabcinsa kuma. Abin da zan faɗa a kansa, wani da idona na gani, wani kuma na ji daga bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Iyayen Ƙasimu ƙauyawa ne. Sun shigo birni suka zauna a Kusfa tare da iyayen amininsa Mika'ilu, aka ba su gonaki a bayan ganuwa, ɗaya kusa da ɗaya. Tare yaran biyu suka tashi, tare suka koyi riƙon fartanya, tare kuma aka ɗauke su soja a shekarar 1942. Kowannensu ya bar mata. Ƙasimu ya bar Rahmatu da goyo, Mika'ilu ya bar Kulu da yara biyu, Aƙilu da ƙanwarsa Sailuba.

A lokacin ni ke karanta wa unguwa wasiƙa. Don haka ni aka kawo wa takardar da ta zo bayan shekara biyu, ni na tsaya a soron gidan Mika'ilu na karanta wa Kulu, tana bayan asabari, cewa mijinta ya rasu a fagen fama. Ba ta yi kururuwa ba. Salati ta yi, sannan ta ce, "Malam, ba su faɗi inda aka binne shi ba?" Na duba takardar gaba da baya, na ce ba su faɗa ba.

Sai da Ƙasimu ya sauka a tashar jirgin ƙasa a 1946 muka ji yadda abin ya faru. An harbi Mika'ilu a ciki a bakin wani kogi, shi ma Ƙasimu ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa a cinya. Duk da haka ya goya abokinsa, ya yi yini biyu yana ratsa kurmi da shi, ana ruwa. A bayansa ya cika. Sau ɗaya tak ya ba mu wannan labari, kuma da aka tambaye shi ko marigayin ya bar wasiyya, ya ce, "Cewa ya yi kada in bari gonarsa ta mutu, yaransa su ci daga cikinta."

Ya tarar gonar ta zama saura, shekara huɗu ba a sa mata fartanya ba, sabara da geza sun rufe ta. Wani attajiri, wanda ba zan ambaci sunansa ba, har ya nemi mai unguwa ya ba shi ita ya shuka auduga, tun da babu mai noma ta. Jumare, wanda gonarsa ke gabas da wurin, yana zaune a zauren mai unguwa ranar da Kofur ya shiga. Jumare ya ce mini Kofur ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan tana da masu ita, ƙanana ne kawai. Ni zan noma musu har su girma."

Mai unguwa ya ce, "Kofur, ga taka gonar ita ma ta lalace, ga ƙafa. Kai kaɗai za ka riƙe biyu?"

Ya ce, "A gwada ni damina ɗaya. In aka ga ciyawa ta fi dawa, a karɓe."

Ba a karɓe ba. A makon da ya je wurin mai unguwa aka zo masa da aikin gadi a wani kanti a Sabon Gari, aikin da tsofaffin soja da yawa ke nema ido rufe. Ya yi godiya, ya ce mai gadi ba ya iya noma gona biyu.

Kai ne, Kofur, ka sare sabarar nan da hannunka, ka tone kututture, ka yi ta jigilar taki daga jujin Kusfa a kan jakin aro. Kai ne in ruwan shuka ya sauka, gonar marayu kake fara shukawa kafin taka, haka noman farko, haka maimai, haka girbi. Ka gina rumbu a cikin gidan Kulu, duk damin da ya fito daga gonar nan can ake kai shi, ba ya ko biyawa ta ƙofar gidanka. An yi ta tsegumi cewa dabara ce, in an kwana biyu za ka haɗe gonar da taka. Maganar ta zo kunnenka. Sai ka dasa jerin aduruku a kan iyaka, don ko bayan ranka kada a rasa gane inda ta marayu ta tsaya.

Shekara ta biyar ce ta gwada gidan Kofur. Ruwan shuka ya sauka, Kofur ya shuke gonar Mika'ilu, washegari tsohon raunin cinyarsa ya tashi, ƙafa ta kumbura, ya yi kwana goma sha biyu a kwance. Kafin ya miƙe ya shuka tasa, lokaci ya ja. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar. Dawar marayu ta nuna, tasa ta bushe tana cikin bunni, ba ta yi ƙwaya ba. A lokacin ’ya’yansa huɗu, Rahmatu kuma tana da ciki.

Matata Delu tana gidan ranar da Rahmatu ta kasa daurewa. Delu ta ce Rahmatu ta aje muciya, ta dubi mijinta, ta ce, "Maigida, su waɗannan da ke gabanka ba yara ba ne? Da ka fara da tamu, da yanzu muna da abin sa wa a tukunya."

Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Gaskiyarki. Amma su waɗannan, in sun yi kuka suna da uban da za su yi wa."

Kulu ta ji halin da ake ciki, ta aiko da dawa. Ya mayar, ya ce dukiyar marayu ce, ba za ta shiga cikinsa ba. Ya shiga aikin rani, yana kwaɓa wa magina ƙasa, yana dako a kasuwa da ƙafar nan tasa. Abin da yake samowa bai kai ya ciyar da gidan sau biyu a yini ba. Ran nan sai ga Kulu da kanta, lulluɓe, da ƙwarya a ka. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Kofur, na tambayi liman. Ina da tumunina a gonar nan, rabona ne na gado, ba na marayu ba. Wannan daga ciki na ɗebo. Ko ni ma za ka hana ni kyauta da abina?"

Kafin ya buɗe baki, Rahmatu ta sauke ƙwaryar ta shige da ita ɗaki. Da wannan dawar da dakon da yake yi suka kai damina. Rahmatu ta sauka lafiya, aka sa wa yaron suna Mika'ilu. Da shuka ta zo kuwa, ita ce ta ware irin gonar marayu ta fara miƙa wa Kofur. Duk mai yabon Kofur bai yabi Rahmatu ba, rabin labarin ya sani.

Bana, cikin bazara, Aƙilu ya cika shekara goma sha takwas, Sailuba kuma tana ɗakin mijinta a Ƙofar Jatau. Kofur ya kira mai unguwa da liman da Jumare da ni, muka fita bayan ganuwa. Ya kama hannun Aƙilu ya zagaya da shi gonar kusurwa huɗu, yana nuna masa inda ruwa ke kwanciya, da inda gyaɗa ta fi yi, da ɗorawa uku da ya raina tun suna tsiro. Da suka dawo inda muke, ya ce, "Ku shaida, damina goma sha ɗaya na riƙe, yau na mayar wa masu ita. A fitar wa uwarsu da ƙanwarsa haƙƙinsu yadda shari'a ta ce."

Aƙilu ya durƙusa yana hawaye, ya ce, "Baba, da me zan saka maka?"

Ya ce, "Tashi. Ka shuka da wuri, kada ka bar ciyawa ta riga ka."

Mun gode, Kofur, namijin duniya, mai cika alkawarin da babu mai shaidarsa sai Allah. Mun gode, Rahmatu, da kika ci yunwar alkawarin da ba ke kika ɗauka ba. Ku kuma masu karatu, babu unguwar da ba ta da gidan da mai shi ya tafi bai dawo ba. Ba sai an je Bama ba. A leƙa gonarsu, a leƙa rumbunsu, a ga abin da za a iya.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ɓata rai, ya ce shi noma kawai ya yi. Na matsa. Ya ci gaba da murza igiya a cinya, sannan ya ce, "To Malam, in dole ne, ka sa sunan Mika'ilu sosai, da na ubansa. Ba shi da kabari a ƙasar nan da yaransa za su nuna."

Ga shi na sa. Mika'ilu ɗan Isma'ila, manomi, mutumin Kusfa cikin birnin Zariya, ya rasu a Bama a bayan amininsa. Allah ya jiƙansa, Allah ya ja kwanan wanda ya goya shi.