Labarin da Ba a Faɗa Sai Ƙafa Cikin Ruwa

Jikanyata ta bar littafinta kan tabarmata, na ɗauka na juya shi. Ba a sa ni lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma hoto ba ya bukatar malami. Wani abu ne a bangon, haƙora har ƙirji, ido kamar garwashi. Na dube shi, ya dube ni. Na ce a raina, wanda ya zana wannan bai taɓa jin tsoro ba. Abin tsoro na gaske ba ya wangale baki tun daga nesa.

Yarinyar nan ba ta da aiki sai irin waɗannan littattafai: na dodanni, na aljanu, na matattun da suka ƙi kwanciya. Ita da ƙawayenta aronsu suke yi hannu da hannu, wasu a takarda, wasu cikin salula, kowace na gaya wa ƴar'uwarta wanda za ta karanta gaba. Ita ta zaunar da ni, wai in faɗi nawa ta rubuta wa masu son abin da take so. To, ga shi. Ku masu neman abin da zai tayar muku da tsikar jiki, ni littattafan da na karanta mutane ne, kuma kusan duka an rufe su da ƙasa.

Garinmu na bakin Komadugu, gabas da nan, in ka bi wajen Tumur. Da rani kogin yashi ne kawai. Muna tsallake shi da ƙafa mu je gaida dangi a ƙetare, ba mai tambayarka takarda. Mata su tona rami a tsakiyarsa su ɗebi ruwa da ƙoƙo. Ruwan kogin kuwa ba daga samanmu yake zuwa ba, daga nesa yake tahowa. Sai damina ta yi nisa, ranar nan ka ji iska ta canja, tana kawo warin laka da ruɓaɓɓen ganye da wani ɗan ƙarni. Hanci ke fara ganinsa. Daga baya sai ga shi yana rarrafowa kan yashi, siriri, yana tura kumfa da kirare da kashin awaki a gabansa.

Kawuna masunci ne, irin masu kifa ciki kan babban gora su yi ta shawagi da koma a hannu. Shi ya fara buɗe mini abin al'ajabi. Wata rana da zafi ya kai ni wani tafki da ya bushe ya tsattsage, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙasa da bakin gatari yana kasa kunne. Ya tono wani curin laka, ya fasa. Gaiwa ce a ciki, ta naɗe kanta cikin yauƙinta, baƙa, ba ido sosai, kuma da rai. Ta yi wani kuka kamar jariri mai mura. Na ruga, ya yi ta dariya. Ya ce tun da ruwa ya janye take nan, ba ci ba sha, jira kawai take. Ya ce akwai wanda ya yi tubali da lakar tafki ya gina ɗaki, ruwan farko da ya jiƙa bangon sai ga kifi ya faɗo kan gadon matarsa. Har yau in na jingina da bango nakan saurara.

Amma babban littafin Kaka ce, uwar babana. Doguwa, ba ta dariya sai ta ga dalili, kuma ba ta cika ganin dalili ba. Tatsuniya tana yi wa kowa, ta kura, ta dodo, mu yi ihu mu yi barci. Akwai dai labari ɗaya da ba tatsuniya ba ne, labarin Mai Shara.

Ɓawonsa kowa a garinmu ya sani, don haka zan ba ku. Tsohuwa ce da ke tafiya gaban ruwan kogi na farko. Da baya-da-baya take tafiya, fuskarta na kallon ruwan, tana share mishi hanya da tsintsiyar kaba. Ba ta barin sawu. In ta tarar da yaro cikin yashin kogi ba ta kama shi, ba ta ko juyowa. Tambaya ɗaya take yi mishi. Abin da take tambaya, da abin da ake amsawa, da abin da ya sami yarinyar da ta ba da amsar da ba ita ba, wannan shi ne cikin labarin. Kaka ke ba jika mace guda ɗaya, sau ɗaya, da rana tsaka ko da hantsi, su biyun ƙafafunsu cikin ruwan kogi mai tafiya. Ba na rijiya ba, ba na randa ba. An ce Mai Shara na jin duk inda aka ambace ta, amma wanda ƙafarsa ke cikin ruwanta nata ne, ba ta taɓa nata.

Shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji, ruwa ya iso da hantsi. Yara na bin sa suna tsalle. Kaka ta kama kunnena.

"Taso, mai taurin kai. Yau za ki yi nauyi."

Ta kai ni nesa da mutane, ƙarƙashin wata goriba. Ruwan ya kai idon sawu, sanyi kamar ba daga cikin rana ya fito ba. Ta riƙe wuyan hannuna har yatsunta suka kwanta a fatata, ta faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa, ba ta maimaita ko kalma ɗaya ba. Da ta gama ta ce, "In kika faɗe shi a tudu ban yafe ba. In kika mutu da shi, ma ban yafe ba." Ranar nan ban iya cin tuwo ba.

Na yi aure a garin, na haifi maza biyu. Muka yi ta noman tattasai kamar kowa. Da sanyi in an shanya shi, ƙasa ta yi ja tun daga bakin gari har kogi, hanci na ƙaiƙayi, manyan motoci na zuwa ɗauka. Jika mace ɗaya Allah ya ba ni, ƴar ƙaramin ɗana. Ina ta duban tsawonta, ina cewa saura kaɗan.

Sai mutanen daji masu bindiga suka zo. Ƙaramin ɗana ya tafi lambu ba tattasai ruwa, aka tarar da injin yana ta aiki, takalminsa ɗaya a bakin kwari. Ba mu binne kowa ba. Ba a jima ba aka ce kowa ya tashi daga bakin kogi. Muka taho Diffa, gidan babban ɗana, a wata unguwa ta gangare.

Kogin bai yi nisa da gidan ba. Daga ƙofa kana hango kan itatuwansa. Amma akwai shingen sojoji, akwai gwiwoyina da suka ƙi, akwai kuma ɗana, wanda ya rantse muddin yana numfashi ba wanda zai fita daga gidansa ya nufi bakin ruwan nan. Ban ga laifinsa ba. Kowace shekara iska ta kawo mini warin nan, in zauna in haɗiye yawu. Yarinya ta wuce shekarun da nake da su ranar da Kaka ta ba ni labarin, ta wuce su da nisa, ta koma neman dodanni a takarda.

Ta san ina riƙe da wani abu. Wata rana ta shigo da jarkar ruwan kogi, ta saye ta wurin mai kifi, ta juye a kwano ta tura gabana.

"Kaka, ga kogin na kawo miki har gida. Sa ƙafa."

"Ke, ruwan da aka ɗaure a jarka kogi ne? Shi ma ɗan gudun hijira ne kamarmu."

"To sai ki mutu da shi, tsohuwa mai rowa."

"Sai in mutu, ƴar banza. Ɗauke mini kwano."

Na faɗa da ƙarfi, amma da sanyin shekarar tari ya kwantar da ni, na ji ƙirjina na ƙara kamar busasshen gora. Ba mutuwar ta dame ni ba. Hannun Kaka nake ji a wuyan hannuna.

Bara, bayan damina ta ɗauke, sama tas ba ko gajimare, aka fara cewa kogi na cikowa. Maza suka yi ta cika buhuna da yashi. Wata safiya wari ya tashe ni kafin hayaniyar mutane. Na san shi. Ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, yana tura kumfa a gabansa. Ɗana na jidar kaya kan amalanke, matarsa na kiran yara. Ni na kifa turmi tsakar gida na zauna.

Na yi shakka, ba zan ɓoye ba. Ruwan ya biyo lunguna, ya kwaso baƙar leda da ƙazantar unguwa. Na ce wannan kuwa Kaka za ta kira shi kogi? Ina cikin haka wani ɗan tarwaɗa, bai fi yatsa ba, ya goge ni a diddige ya wuce. Na ƙwala wa yarinyar kira.

Ɗana ya tsaya da katifa a ka. "Haba Inna! Yanzu ne lokacin tatsuniya? Katangar nan faɗuwa za ta yi!"

"Kwashe kayanka, ni ma nawa nake kwashewa."

Na damƙi wuyan hannunta. Ta zaro salula za ta ɗauki muryata, na dube ta sau ɗaya, ta mayar. Na faɗa mata kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba, ban maimaita ba. Kafin in kai ƙarshe ruwa ya kai ƙwauri. Da na gama, na saki hannunta. Ta durƙusa, ta goya ni, ta fitar da ni. Muna kan tudu muka ji katangar ta zube.

Yanzu muna cikin rumfar tampol bakin kwalta, mun fi kowane lokaci nisa da kogi. Ta rubuta duk wannan, ta tsaya inda na ce ta tsaya. Littattafanku ku karanta, ban hana ba, na ga suna sa yara zama wuri ɗaya. Amma in akwai tsohuwa a gidanku wadda in an yi mata wata tambaya sai ta dubi ƙasa, ku matsa kusa da ita tun tana nan.

Kwanan baya ta tambaye ni, "Kaka, ni kuma a ina zan ba tawa jikar, in ba a koma ba?" Ban yi mata ƙaryar cewa za a koma ba. Da safe dai nakan gan ta ta fito bakin rumfa, littafi a hannu ba ta buɗe ba, ta juya kudu, wajen kogi, tana shaƙar iska. Wannan ban koya mata ba.