Mai Horarwa a Layin Likitan Ƙashi

A ɗakin jiran likitan ƙashi a unguwar Sultana, Sundus na kallon wata baƙuwar dattijuwa mai sanda, gwiwarta ɗaure da bandeji. Talabijin na nuna gasar duniya: 'yan mata biyu, dogayen katako a ƙafa, suna tseren gangarowa kan tuddan ƙanƙara.

Hajiyar, wadda da gani ƙanƙarar firji kaɗai ta sani, ta zama mai horarwa. "Yalla, maza mai jar riga, lanƙwasa gwiwa! Haka aka koya miki?"

An kira lambarta sau biyu, ta ƙi motsi sai da mai jar riga ta ci. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta nuna su da sanda.

"Ku yi ta tsalle, 'ya'yana. Zan riƙe muku layi."